Baiti na Uku na Waƙar Mai Cirani

Wata Asabar da la'asar, a shekarata ta huɗu a Kuala Lumpur, saura ƙiris in yi dambe da masu kiɗa a Bukit Bintang. Ni da girmana, da furfura a gemu, malamin jami'a da aka turo karatun digiri na uku.

Saukowarmu ke nan daga jirgin ƙasa na monorel, ni da maiɗakina da 'yarmu mai shekara bakwai, za mu sayo mata takalmin makaranta. A bakin titi mutane sun yi da'ira. A tsakiya wani ɗan ƙasar mai dogon gashi yana kaɗa jita, a gefensa wani matashi ɗan Najeriya, daga gani cikin 'yan kwalejin nan ne da iyayensu ke turowa, ya riƙe makirfo yana zuba gambara, rabi Turancin buroka rabi Hausa. Har na wuce su. Sai suka zo kan amshi, ƙafata ta tsaya da kanta.

"Bai dawo ba, bai dawo ba."

Waƙar mai cirani ce. Sun ƙara mata gudu, sun datse mata kai da ƙafa, amma ko daga barci aka tashe ni na san karin nan. Abin da ya ƙarasa ni kuwa 'yata ce. Yarinyar da in ka ce mata zo nan sai ta amsa maka da Turanci, in ka matsa ta ce maka "boleh lah" da yaren ƙasar, ita ce ta saki hannuna tana rausaya, tana bin amshin tiryan-tiryan. Na ce ke, a ina kika san wannan? Ta ce kowa a ajinsu ya san ta, har rawa gare ta a waya, 'ya'yan Sinawa ma yi suke.

Ban san lokacin da na kutsa cikin da'irar ba. Na ce wa matashin, "Kai samari, ka san waƙar wa kake yi wa wannan aika-aika?"

Ya sauke makirfo, da ladabinsa kuwa, ya ce, "Baba, yi haƙuri, ta wani tsohon fim ce."

Tsohon fim wai! Fim ɗin da aka yi ina aji biyu a jami'a. Shi kuwa mai jita sai murmushi yake yi mini, a zatonsa wata waƙar nake roƙo a yi. Maiɗakina ta ja gefen rigata ta ce, "Malam, don girman Allah mu tafi, mutane sun fara ɗaukar ka a waya." Muka shiga wani shagon mamak, irin wuraren shan shayin Indiyawan garin, aka kawo mini shayi, ya huce a gabana ban kurɓa ba. Takalmin ma ba a saye shi ranar ba.

Ni dai na san inda waƙar nan ta fito, don a gabana ta yi rarrafe. A ƙauyenmu, can gabas da Kano, in an gama girbi maza kan watse cirani, wasu birni, wasu kudu, sai hadari ya fara haɗowa su dawo sharar gona. Wani ba ya dawowa. Matan da aka bari su suka yi wa wannan waƙa, kuma a bakin turmi ake yin ta. Mata uku kan turmi ɗaya suna lugude, a wurga taɓarya sama a tafa a cafe, ɗaya na bayarwa biyu na amsawa. A unguwarmu Innata ce mai bayarwa.

Hadari ya haɗo a gabas,
Na share gona ni kaɗai,
Mai cirani bai dawo ba.

Na dama fura na rufe da faifai,
Rana ta juya ta yi tsami,
Mai cirani bai dawo ba.

Baiti biyu ke nan, kuma su kaɗai na mallaka. Akwai na uku.

Ni ɗan fari ne, Innata kuma irin matan da ce, waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ni ne "wancan", in ta ji daɗina ni ne "yaron gidan nan". In tana dariya na shigo, ta haɗiye. In tana waƙa na sako kai, sai ka ji taɓarya kawai tana magana. Don haka a bayan zana nake jin waƙar, tsugune kusa da turken awaki, ƙudaje na damuna ba na ko korar su. In suka zo baiti na uku sai dakan ya yi sanyi, muryoyin su yi ƙasa, ka ji kari ba ka jin kalma. Sau ɗaya na leƙa ta ɓular zana na ga maƙwabciyarmu tana share ido da bakin zani. Na ce a raina in na girma zan ji. Yaro man kaza, ya zaci girma yana buɗe kowace ƙofa.

Kafin in girma ɗin waƙar ta fita yawon duniya. 'Yan amada na garin da muke cin kasuwa su suka fara ɗauka. Suka kifa ƙorai a ruwa, suka mai da ita habaici a gidajen biki: mai cirani ya dawo, amma daga shi sai rediyo mara batir da tari. Mata su yi ta shewa. Innata ta ji a wani biki, aka ce ta taɓe baki kawai ta ce, "Sun sa mata barkono."

Daga nan sai wani mai kukuma ya sa ta a kaset. Shi ne ya kai ta ko'ina, don babu tashar da za ka shiga a lokacin ba ka ji ta tana tashi daga motar haya ba. Ya juya ta, ya ba namijin baki: ga shi can kudu yana tura ruwa a kura, kunya ta hana shi komawa hannu rabbana. Gaskiya ya iya, gogen nan nasa har cikin ƙashi kake jin sa. Amma tsakiyar waƙar ya cika ta da sunayen alhazan da suka yi masa kyauta, har kana manta wa ake jira. Wata rana na ji shi a rediyo yana rantsuwa wai aljanu ne suka ba shi waƙar a bakin kogi. Na ce lallai, aljanun nan na san su, zani suke ɗaurawa, ɗayarsu ma ita ta haife ni.

Sai zamanin fiyano ya zo. 'Yan fim suka sa na'ura ta matse wa wata yarinya murya har ta koma kamar ta sauro, saurayi da budurwa suna zagaye bishiya a lambu. Gona ta ɓace, fura ta ɓace, aka koma "na aika saƙo ba amsa, masoyina bai dawo ba". A ɗakin kwananmu na jami'a har faɗa na yi da wani a kanta, na cire masa kaset na jefa ta taga. Bayan wannan 'yan Islamiyya suka ɗauki karin suka ɗora masa begen Madina da mandiri. Wannan kam ban yi fushi ba, ranar saukar ƙanwata da suka rera ta sai da na sunkuyar da kai. 'Yan siyasa ma ba su bar ta ba. Wani zaɓe, ɓangare ɗaya suka mai da mai cirani ɗan majalisar da ya tafi Abuja aka daina ganin sa, ɗaya ɓangaren suka mayar da martani da karin nan dai, suna "ya dawo, ya dawo", ana raba atamfa. Ga ta yau a bakin mai jita a ƙasar da ko gero ba a nomawa.

Bayan ranar Bukit Bintang sai na shiga haukan tattara su. Malamar da ke duba aikina tana tambayar babi na huɗu, ni ina can ina bin waƙa. Ta mai kukuma a kasuwar Chow Kit na same ta, a wayar wani Bakano da muke sayen kuka da daddawa a wurinsa, ya tura mini muna tsaye tsakanin masu kifi da masu duriyan, ɗan itacen nan mai ƙaya, wari ta ko'ina. Ta 'yan amada wata tsohuwar ɗalibata ce ta aiko mini, an ɗauka a wani biki, rabinta guɗa ce. Na jera su a kwamfuta, guda tara. Na saurare su ɗaya bayan ɗaya, har da rubuta kalmomin a takarda kamar mai shirin jarrabawa. Kowa ya ɗebi abin da ya ji daga waje, kamar yadda na ji. Babu wadda ke da baiti na uku.

A nan ne tsoro ya kama ni. Matan nan biyu masu amsa wa Inna duk sun riga mu gidan gaskiya. Injin niƙa ya shigo ƙauyenmu tun kafin a yaye ƙanwata, ita ko lugude ba ta iya ba, balle waƙarsa. Inna kuma ta haura saba'in, hawan jini ya taɓa kayar da ita sau ɗaya. Ni ina nan shekara huɗu ban taka gida ba, kullum sai in ce bari in gama wannan babin. Idan ta tafi da baitin nan, ya tafi ke nan. Kuma ba baitin kaɗai nake so ba, in faɗi gaskiya. So nake in ji muryar uwata tana waƙa, sau ɗaya, ba tare da ta yanke don ni ba. Kewarta nake yi, irin kewar da ba ta bari abinci ya yi daɗi.

To amma ta yaya? Duk Lahadi muna kira, la'asar a nan, hantsi a can. Ƙanwata ce ke riƙe wayar. Da fuskata ta bayyana Inna za ta kawar da kai gefe, kamar mai duba wani abu a bango.

"An yini lafiya? Ya iyali? To madalla. Allah ya yi albarka. Ke, karɓi abinki."

Shi ke nan rabona na mako. Ɗan fari ya dubi uwarsa ya ce yi mini waƙa? Ko a mafarki bakina ba zai iya ba.

Maiɗakina ce ta kawo dabara. Ta ce, "Malam, kai ne ake jin kunya, ba jika ba. Ka sa takwararta ta roƙe ta." Sunan Inna muka sa wa yarinyar, kuma duk duniya babu wanda Inna ke sakin jiki da shi kamarta, ko da yake hirar tasu rabi ce, tsohuwa na Hausa yarinya na Turanci, kowa na dariyar ɗan'uwansa. Na ce abin nema ya samu.

Mako guda muna bita. Kullum da yamma in kai ta bakin tafkin Titiwangsa, muna zagayawa tana maimaitawa: "Inna, don Allah ki yi mini waƙar mai cirani." In ta faɗa daidai sau biyar, askirim. Yarinya ta gane kasuwa, sai ta riƙa ɓatawa da gangan a na huɗu don a ƙara kwana. Na sha jin zuciyata ta taso, in tuna abin da nake nema in haɗiye. Aka shirya da ƙanwata cewa za a ce na tafi laburare. Ƙarya ce, Allah ya yafe mana, mu uku muka haɗu muka yi wa tsohuwa.

Ranar Lahadin aka tsuge da ruwa tun ƙarfe huɗu, irin ruwan garin nan da ba ya sallama. Muka rufe tagogi don kar ƙararsa ta shiga. Maiɗakina ta zauna a falo da yarinyar, waya a hannu. Ni na laɓe a ƙofar kicin da tawa wayar, na danna ɗauka.

Aka gaisa. Inna ta ce, "Ina wancan?"

"Ya tafi laburare, Inna."

"Ran Lahadi ma? Wannan karatu sai ka ce na gidan yari."

Sai ta yi dariya. Jama'a, ban taɓa jin wannan dariyar ba. Mai ƙarfi ce, har da 'yar shaƙewa a ƙarshe, irin tawa sak. Shekara arba'in da uku ina duniya, a ƙofar kicin a Malesiya na san inda na gado dariyata. Ta gefen ido ina hango allon wayar: ta zame mayafi ya sauka kafaɗa, ta miƙe ƙafa a kan tabarma.

Yarinyar ta ja numfashi ta sako jimlarta, ba tuntuɓe ko ɗaya.

Inna ta tafa hannu. "La ilaha illallahu! Takwara, yaushe kika yi baki? Na zaci Turawa sun cinye harshen. Waƙa kuma? Ni da haƙorana suka zube? Wa ya aiko ki?"

"Don Allah, Inna," in ji yarinyar. Wannan ba ya cikin bita, ita ta ƙara abinta.

Inna ta jawo wani kwanon sha ta kife, ta fara buga shi da yatsu. Ta gyara murya.

"Na aika saƙo ba amsa, masoyina bai dawo ba."

Ta 'yan fim. Wallahi ta 'yan fim ta ɗauko, da ɗan karyar muryar nan tasu da komai. Yarinyar ta yi tsalle don murna, ta cafe amshi, "bai dawo ba, bai dawo ba". Inna ta ce, "Yawwa, ƙara." Ta sake bayarwa, yarinya ta amsa. Ta sake. Sau uku, sau huɗu, abu ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, an gama da mu, 'yan fiyano sun bi ta har cikin ɗakinta sun ƙwace. Shekara talatin da ɗoriya ina jira, ga uwata ta koma 'yar fim. Maiɗakina ta hango fuskata, ta san halin kayanta, ta girgiza mini kai, ta ɗora yatsa a leɓe. Ban ga yatsan ba sai daga baya.

Na faɗo falon na ce, "Haba Inna! Ba haka take ba. Ta turmi za ki yi, ta da, mai baiti uku!"

Yatsunta suka tsaya a kan kwanon. Ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, na ɗan lokaci kaɗan. Sannan ta jawo mayafi ta rufe har goshi, ta juya wa wayar kafaɗa.

"Ashe da mutane a ɗakin," in ji ta, a hankali. "Ke, karɓi abinki. Rana ta yi, ban ba awaki ruwa ba."

Allon ya koma fuskar ƙanwata, ta kashe wayar. Yarinyar ta fashe da kuka, tana ce mini da Turanci na ɓata komai. Maiɗakina ta tashi ta ɗauki 'yarta, a bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Malam, ka kyauta." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na aika da ban haƙuri ta bakin ƙanwata, Inna ta ce ba komai, me aka yi? Lahadi ta zagayo, gaisuwa huɗu, karɓi abinki. Yarinyar ta sake roƙo, Inna ta ce maƙogwaronta na ciwo. Ta san yanzu bango na da kunne. Na ce bari in ba ta lokaci, wata ɗaya ko biyu ta manta, mu sake dabara.

A mako na huɗu Inna ta faɗi a wurin alwala. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma ɓarin dama ya tafi, harshe ya yi nauyi. Kalma ba ta fita sai "Allah", sai wani abu mai kama da "to".

Bayan an sallamo su daga asibiti ne ƙanwata ta kira ni ita kaɗai. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Yaya, akwai maganar da na riƙe, na ji tsoron zuciyarka. Ran nan da na kashe waya, Inna ta fita ta ba awaki ruwa. Can sai ta ce, shi wancan gaggawar me yake yi, kullum kamar ana korar sa? Tamu ta turmi ba a yin ta mutum ɗaya, sai da mai amsawa. Na fara da wadda yarinyar ta sani ne don bakinta ya zauna a kan amshi. Saura sau ɗaya in juya."

Na ce, "Saura sau ɗaya?"

Ta ce, "Haka ta ce, Yaya."

Ina tsaye a tashar jirgi ta Titiwangsa lokacin, jirgi uku suka zo suka wuce ban shiga ba. Ni da na tara waƙa tara a kwamfuta, na san wanda ya sa kukuma da wanda ya sa fiyano, na manta abin da kowace mace mai taɓarya ta sani, cewa mai bayarwa ba ta buɗe baki sai ta tabbatar akwai mai karɓa. Sauri ya haifi nawa. Na yi kuka a wurin, ban damu da masu kallo ba.

Har yanzu muna kira duk Lahadi. Ƙanwata kan jingina wayar da matashin kai a gaban Inna. Likita ya ce a riƙa sa ta motsa murya, kuma abin mamaki, kari bai tafi ba, kalmomi ne suka tafi. Da yarinyar ta ce, "Inna, waƙa," sai tsohuwar ta fara gunji a maƙogwaro, hannun hagu na bugun cinya. Ba ta 'yan fim ba ce yanzu. Ta turmi ce, da nauyinta da jinkirinta. Ta kai ƙarshen baiti ta tsaya, yarinyar ta amsa daidai wurin.

Ba na ɓuya kuma. Ina zama a gefen 'yata, fuskata a fili, Inna ba ta rufe tata. Ban sani ba ko kunyar ce ta tafi, ko hannun ne ba ya kaiwa ga mayafi, kuma ba zan taɓa tambaya ba. Ta yi na farko. Ta yi na biyu. In ta zo na uku sai bugun cinyar ya yi sanyi, ta dube ni sosai, leɓenta na motsi, tana faɗa mini shi tun daga farko har ƙarshe, ba abin da ke fitowa sai gunji.

Ya fi sauran tsawo. Layi biyar ne, na ƙirga. Iyakar abin da na sani ke nan.